Faifan Yaya a Gonar Kawu

Bayan faifan gem ɗin ne ya fara ɗaukar idona. Yaya na zaune a bakin shagonsa a Zurmi yana hura masa iska yana gogewa da gefen riga, sai rana ta faɗa kansa, launuka suka tashi kamar bakan gizo a tafin hannu. Na tsaya riƙe da kwanon abincin da Inna ta aiko ni da shi. Shekarata goma sha bakwai, kaina cike da littattafan soyayya da nake haya a kasuwa, don haka abin da ya zo min shi ne, irin wannan ya kamata saurayi ya ba budurwarsa ranar da zai yi doguwar tafiya.

"Ke, abincin kika kawo ko kallo?" in ji Yaya.

Shagon ɗaki ɗaya ne, da talabijin, da na'urar gem ɗaya, da benci biyu. Samari su biya su buga. Tun rasuwar mahaifinmu shi ke ciyar da mu. Faifai goma sha biyu Yaya ke da su, na dambe da na tseren mota da sauransu, amma guda ɗaya ne ke cika benci, wato na ƙwallo. A kasuwar Shinkafi ya saye shi hannun wani mai shigo da kaya daga Nijar, mai sharhin ciki Faransanci yake yi. Babu wanda ke jin abin da yake faɗi, amma samarin unguwa sun haddace shi, in an ci ƙwallo tare suke jan ihun da shi. Har daga Moriki ake zuwa saboda wannan murya.

Faifai kuwa tsufa yake yi. Na ƙwallon ya fara ƙarcewa, ana cikin wasa sai 'yan wasa su sandare, a yi ta gardamar wanda ke gaba. Yaya ya shafa masa man goge baki, ya wanke, ya shanya, ya yi bisimilla ya mayar.

A shekarar aka kai ni Kaura Namoda koyon kwamfuta, ina zaune wajen goggona. Wadda ke koya mana wata Kirista ce 'yar Binuwai, Madam muke kiranta, ta daɗe a Kaura har Hausarta ta fi ta wasunmu. Ranar da na ba ta labarin man goge baki sai da ta riƙe ciki.

"Ku mutanen Zurmi, faifan haƙori gare shi? Kawo min su."

Ita ta nuna min. A sa faifai a kwamfuta, ta karance shi tun daga farko har ƙarshe, ta yi kwafinsa, sannan a tura kwafin cikin filash, wani ɗan abin ajiya da bai wuce yatsa ba. Ta sayo wa Yaya wani ɗan kati da ake soka wa na'urar don ta yarda ta yi wasa daga filash ɗin. Aikin na da cin rai. Wani koren layi ne ke rarrafe a fuskar kwamfuta, in aka ɗauke wuta yana dab da ƙarewa sai a koma farko. Ni ban damu ba. Ina zaune gefe da littafina, ina ji a raina ni ce ƙanwar nan ta cikin labari da ke ceto gidansu ba wanda ya sani.

Madam ta ja min kunne sau biyu. "In an yi kwafi, a ɓoye na asalin. Filash ma mutuwa yake yi."

Uku-uku nake ɗauko su duk ƙarshen mako in na zo gida, a cikin jakar littattafaina. Na gama goma sha ɗaya. Na ƙwallo ne Yaya ya hana, ya ce yini ɗaya babu shi daidai yake da rufe shago. Sauran kuwa ya zuba su a gwangwanin biskit ya ajiye a ɗakin Inna.

A nan bakina ya ja min. Wata Asabar da yamma Kawu, yayan Inna, yana tsakar gidanmu yana shan fura, na fito da filash ɗin ina nuna wa Inna.

"Kin ga ɗan abin nan? Duk wasannin Yaya na ciki. Ko faifan sun fashe yau, babu asara."

Kawu ya sauke ludayi. "Kenan waɗanga na cikin gwangwani sun gama aiki?"

"Sun huta, Kawu," na ce ina dariya.

Na san saura ɗaya. Na ƙi faɗi ne don kada labarin ya rage daɗi. A ranar kuma Yaya ya haƙura, ya ce in tafi da na ƙwallon da safe in dawo da shi Litinin. Da ya rufe shago ya sa shi a saman gwangwanin.

Da safe na yi wanka, na shirya, na shiga ɗakin Inna. Babu gwangwani.

"Kawunki ya biyo bayan asuba," in ji Inna tana damun koko. "Tsuntsaye sun dame shi ga gero, ya ce ƙyallin faifan zai kore su. Na ce ya ɗauka, tunda kin ce sun huta."

Yaya ya ari babur, na hau baya. Gonar Kawu ba nisa da gari, ita kaɗai ya iya nomawa a shekarar, don ta daji ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga, ba kuma wanda zai bar iyalinsa su yini a gona suna korar tsuntsu. Na san duk wannan. Tun daga hanya muka hango ƙyalli. A hanya ina ta lallashin kaina cewa ta ramin tsakiya zai zura igiya, mu kwance abinmu mu goge. Ashe Kawu ya ga goma sha biyu ba za su isa gonar ba, ya sa wuƙa da dutse ya raba kowanne gida biyu, ya huda da ƙusa mai zafi, ya rataye a kan sanduna.

Yana ganinmu ya washe baki. "Kun gani? Ko ɗaya bai sauka ba tun ɗazu."

"Kawu, na ƙwallon ba a yi kwafinsa ba," na ce. "Shi ne abincin gidanmu. Ko tambayar mai shi ba ka yi ba."

"Ke da bakinki kika ce sun huta."

"Ni ce mai su?"

"To mi? Gero kuke ci ko ƙwallo? Ƙato da gemu shina zaune yini guda shina tara 'yan zaman banza."

Na juya wajen Yaya ina jiran ya yi magana. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wuri namiji ke miƙewa ya faɗi maganar da kowa zai sunkuyar da kai. Yaya ya bi sandunan ɗaya bayan ɗaya har ya gano rabin na ƙwallon, ya juya shi, ya sake shi yana lilo.

"Ba komai, Kawu. Allah shi ba da amfani."

Wannan "ba komai" ta fi fasa faifan ƙona min rai. Da muka koma gida kuma Inna ta ce na ɗaga wa yayanta murya a gaban mutane. Da yamma ta tasa ni gaba har gidansa, na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, ƙuruciya ce. Shi ya yafe min. Na yarda da laifina, na yi ƙarin gishiri. Amma da buhun taki ne a ɗakin, ko galma, Kawu ba zai taɓa ba sai ya nemi mai shi, Inna ma ba za ta miƙa ba. Shekara huɗu suna cin tuwon shagon nan, a ransu kuma wasan yara ne.

Sau biyu Yaya ya je Shinkafi neman mutumin Nijar, aka ce tun da hanya ta lalace bai sake zuwa ba. Ya sayo wani na ƙwallo a Kaura, ashe jabu ne, yana kaiwa rabin lokaci sai ya tsaya. Na kai wa Madam, muka gwada sau huɗu, koren layin na zuwa tsakiya sai kwamfuta ta tofo shi. Madam ba ta ce ai na faɗa miki ba, ta dai sayo min lemo. Samari suka ɗan yi haƙuri da dambe da tseren mota, sannan suka koma wani sabon shago kusa da tasha. Da kaka Kawu ya aiko mana da dami biyu na gero, Inna ta yi ta sa albarka. Kwana uku na ƙi cin tuwon, a na huɗu yunwa ta sa na ci.

Kafin wata damina Yaya ya sayar da na'urar da talabijin da filash ɗin gaba ɗaya, ya cika ya sayi tsohon babur. Yanzu kabu-kabu yake yi tsakanin Kaura da Kasuwar Daji, yana da mata da 'ya'ya uku, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai tun wata faɗuwa da ya yi da buhunan masara. In na tayar da zancen sai ya ce ni dai ban iya mantuwa ba. Bara da Kawu ya kwanta ciwo, shi ya riƙa ɗauko shi daga Zurmi zuwa asibiti a Kaura, ya ɗaure shi a bayansa da rawani don kada ya zame.