Butar Bappa a Zauren Babanmu

Jiya wata mata ta wuce ƙofar gidana a unguwar Manawashi, nan Gombe, da kwandon kifi banda a ka. Ƙamshin hayaƙin ya iso har inda nake zaune, na kasa ƙarasa shayina. Mai karatu, ka yi haƙuri da ni, karatuna bai yi nisa ba. Abin da idona ya gani zan faɗa maka, har da wanda hannuna ya aikata.

Babanmu fatoma ne, mai saukar da fatake a gidansa. Cikin baƙinsa akwai wani dattijo daga Garwa ta ƙasar Kamaru, muna ce masa Bappa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Da zarar kaka ta wuce sai ga shi a saman babbar mota da kwandunan banda. Babanmu ya nemo masa masu saye, a loda a jirgin ƙasa zuwa kudu, shi kuma ya sari atamfa da goro ya koma. Bakuna da yawa ke ci a tafiyar nan, can da nan: masunta, direba, 'yan dako, matan da ke tuwo a tasha.

A gidanmu baƙo irinsa akushi ɗaya yake ci da maigida. In zai tafi kuma, sai ya bar butarsa rataye a ƙusa cikin zaure. Muddin butar na nan, ɗakinsa nasa ne, ba a ba kowa. Yana shigowa yakan kama kunnena ya ce, "Ɗan boko, ka shanye min ruwan buta ko?" Kakata ta ɗaga murya daga ciki, "Sakar min miji, kai mai warin kifi!"

Sai shekarar amai da gudawa ta zo. Mutum ya yi asuba a jam'i, kafin la'asar an kai shi makwanci. Aka ce ciwon ruwa yake bi, aka tsaurara kan iyaka, motoci suka daina zuwa. Banda kuwa ko kyauta ba mai karɓa. A wannan damina ƙanwata ta rasu.

Mu muka farfaɗo da wuri, ba don wayonmu ba. Kuɗin mai suka shigo, siminti da babura suka cika Gombe, aka fara kawo kifin ƙanƙara mai araha daga teku. Su can, ciwo na ɗagawa fari ya sauka, ruwa ya janye, masunta suka watse. Muna rufin kwano, suna sayar da kwale-kwalensu.

Bayan shekaru Bappa ya dawo da rani, da kwando ɗaya tak. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ciwon ya ɗauke matarsa da 'ya'yansa. Suka daɗe suna gaisawa da Fulatanci shi da babanmu, hannu riƙe da hannu. Kwandon nan shi ne jarinsa na ƙarshe, gidanmu kuma shi ne ƙofar da ta rage masa.

Ni aka aika in kawo abinci. Malamin tsafta ya cika min kai, ƙanwata kuma tana cikin raina. Na san ciwon ya daɗe da wucewa. Duk da haka na tsaya a tsakar gida na raba tuwon biyu, na sa nasa a wani tsohon kwano, na ajiye masa can gefe da moɗarsa daban. Babanmu ya ɗago ya dube ni, ya jawo kwanon zai juye a akushi. Bappa ya riƙe masa hannu.

"Bar shi, maigida. Yaron ya yi karatu."

Ya ci loma kaɗan, ya yi hamdala.

Kifin da faɗuwa aka sayar, kowa na ƙanƙara yake so. Ranar tafiyarsa ya tsaya a zaure, ya sauke butar daga ƙusa, ya kaɗe ƙurarta, ya sa a buhunsa. Babanmu bai hana shi ba, ni ma bai doke ni ba. Da ya doke ni da ya fi min sauƙi.

Na daɗe ina gaya wa kaina kasuwa ce ta kore shi. Amma na ga fatake da yawa da kasuwa ta kayar, suka bar buta domin suna sa ran baɗi.

Da aka sake rufe iyaka a annobar kwanan baya, na ji ana muhawara a rediyo kan ƙasar da ta farfaɗo da wadda ta rage baya. Na kashe rediyon. Yanzu fatake a masauki suke kwana, kowa ya ci nasa a leda. Gidanmu an sayar, zauren ya koma shagon gyaran waya. Na roƙi Allah gafara, Bappa kuwa ko kabarinsa ban san inda yake ba. Kwanaki na leƙa shagon. Ƙusar na nan, wani yaro ya rataye caja a kai.