Garin da Ba Ya Karɓar Mai Yunwa

Ni ne wawan da ya naɗa 'yarsa likita a ƙofar shagon ɗaure kaya, da kofin shayi a hannu. Ni da ko firamare ban ƙarasa ba. Malamin ya gaji da ni, na gaji da shi, muka rabu lafiya. Aikina a Dubai in naɗe kwali da salatif in tura shi gida ta kago, wato jirgin kaya. Amma baki, Allah Ya ba ni. Kwanakin nan in na zauna a kasuwar Murshid Bazaar ina jiran kaya, ba abin da ke faɗo mini a rai kamar ɗakin kakata Iya Dije.

Ɗakin nata warin hayaƙi da daddawa yake, kuma har yau ban shiga ɗakin da ya fi shi daɗi ba. Da an idar da sallar isha'i mu jikoki mu kewaye murhu, ta tura gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafafu. Ni ne mai satar gyaɗar tun ba ta gasu ba. Ta kan bari sai na ƙona yatsa, sannan ta ce, "Maigida, da haka za ka ciyar da ni? Miji ɓarawo!" Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Cewa take, "Ga wata can tana tahowa da ɗingishi. In buɗe mata?" Mu haɗa baki mu ce ta buɗe.

Wadda ta fi zama a kaina ita ce ta shekarar yunwa. Wai akwai wani gari da rumbunansa suke cike har suna tsagewa, amma mai tsaron ƙofa ba ya barin kowa ya shiga sai ya ga maiƙo a bakinsa. Hujjarsa, mai yunwa in ya shiga cinye su zai yi. Wani mutum ya zo da 'yarsa, sun yi tafiya har tafin ƙafarsu ya fashe. Da ya ji dokar sai ya ja ta bayan kuka, ya ciro ɗan man kaɗanyar da yake shafa wa faso, ya goga mata a leɓe. Yarinya ta tsaya gaban mai ƙofa baki na ƙyalli. Ya dube ta ya ce, "Madalla, kin ƙoshi. To yi gyatsa."

A nan Iya kan tsaya ta kumbura kumatu, ta yi ta yunƙuri, abin da zai fito sai ɗan kuka kamar na ɗan tsako. Mu yi ta birgima a ƙasa. Mai ƙofa kuwa ya sa aka buga ganga, aka nuna wa duk garin fuskar yarinyar, don ko ta dawo da ƙoshin gaske kada a buɗe mata. Iya ta kaɗe zani ta ce, "Ta juya da ɗingishinta, ku rufe mata ƙofa."

Wata rana na ce, "To Iya, wanda bai ci ba, ta ina zai shiga ya ci?"

Ta ce, "Maigida, ni labari na ba ka. Ba ni na gina ƙofar ba."

'Yata ta fari ta yi digiri a Kano kan abinci da lafiyar jiki. Ta biyo ni Dubai, ta samu aiki a kicin ɗin wani asibiti, tana tura keken tire ɗaki-ɗaki. Ta san abin da ya kamata mai ciwon ƙoda ya ci, amma ba ta da ikon ta ce masa ko "rage gishiri". Wannan sai masaniyar abinci mai lasisi, lasisin kuma sai da digiri na biyu. Makarantar da ke ba da digirin ta ce sai ta kawo shaidar ta yi aiki ƙarƙashin mai lasisi. Asibitin ya ce ba ya ba da wannan damar sai ga ɗalibar makarantar. Ta nema aka ƙi, ta sake nema aka ƙi. Daga baya wata 'yar Sudan mai lasisi ta tausaya mata, ta bar ta tana binta a ranakun hutunta. Yarinyar nan ta daina sanin Juma'a daga Asabar. A bana makarantar ta kira ta intabiyu.

To ga inda na shigo. 'Yar fari ce, bakina bai taɓa furta sunanta ba, haka muka taso. Tana ƙarama "ke" nake cewa. Da ta shiga jami'a sai na samu mafita: Likita. Ai a gida yaro na shiga makarantar shari'a ya zama Barista, mai gyaran janareto Injiniya ne, kuma ba wanda ya mutu. Kasuwa ta ɗauka, na zama Baban Likita. Malam Isuhu, mutumin Maradi mai shagon turare, ya ce in tambayo masa maganin hawan jini. Ban tambayi kowa ba. Washegari na ce, "Likita ta ce khalas, magana ta ƙare, ka bar kilishi, ka miƙo wa dattawa." Ya miƙo. Na ci.

Rannan aka yi suna a wani fulat a unguwar Al Nahda. Mata suka tsare ta da tambaya kan ciwon suga da azumi. Ta ce ita ba ta da izinin ba da shawara. Ni kuwa daga falon maza na ɗaga murya: "Haba Likita, yalla, maza taimaka wa iyayenki mana!" Ta ji kunyar ta ƙi ni a gaban mutane. Ta yi magana kaɗan, shwaiya-shwaiya in ji Larabawa, duk abin da ta faɗa a littafi yake. Mai jego ta ɗauke ta bidiyo ta sa a intanet, ta rubuta cikakken sunanta da Turanci, ta ƙara mata dakta a gaba, ta ce ƙwararriya ce a Dubai, mai so ya tuntuɓe ta. Don ƙauna ta yi. Ni ma na tura wa kowa, har mutanen da muka yi faɗa.

A intabiyu, bayan an gama tambayoyin karatu, wata mata ta juyo mata da fuskar kwamfuta. Ta ce, "Wannan ke ce?" 'Yata ta yi ƙoƙarin bayyana musu cewa a wurinmu suna ne kawai, irin wanda uba ke kiran 'yarsa da shi. Matar ta ce a nan ƙasar ba a wasa da wannan sunan, kuma suna neman ɗalibar da ta san iyakarta. Amsa ta zo bayan 'yan kwanaki. Sun ƙi ta, ba su ma ce ta sake nema ba. 'Yar Sudan ɗin ma ta ce ta daina binta, tana tsoron lasisinta.

Muna yara, yarinyar tatsuniyar Iya muke yi wa dariya. Da na girma na ɗauka darasin shi ne ka iya gyatsa kafin ka isa ƙofa, kuma da wannan wayon na ci abinci a ƙasashe da dama. Sai yanzu da furfura na lura Iya ba ta taɓa faɗa mana abin da ya faru da uban ba. Ba a buga masa ganga ba, ba wanda ya ga fuskarsa. Yana bayan kuka da man a yatsa, yana jin kansa mai dabara. Ƙofar muguwa ce, wannan gaskiya ne, ko ba ni za ta iya rufe wa 'yata. Amma ba don ni ba, ko ta rufe, da ta bar ta da fuskarta.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta zo ɗakina a unguwar Al Rigga da kular abinci, kamar yadda ta saba: dambun zogale, ba mai sosai, saboda sugana. Na so in gaishe ta, na rasa da wane suna zan kira ta yanzu. Ta zuba mini, ta zauna a bakin katifa tana kallon hannuwanta. Na ce zan je makarantar da kaina in gaya musu ni ne, ni jahili ne, a hukunta ni. Ta yi ɗan murmushi, ta ce ko mai gadi ba zai bar ni in wuce ba.

Ta tashi ta ɗauki jakarta, don tana da aikin yamma. Ta sa takalmi ɗaya, ta tsaya riƙe da ɗayan.

"Ka ci kafin ya huce, Baba. Kuma ka daina ɗora wa kanka duka. Ni ma fa ina jin daɗi in ka kira ni Likita."