Saƙon da Na Kai Gazawa

Tun kiran sallar fari muka baro ƙauyenmu na Sae Sabuwa, ni da ƙanwar maigidana, a kan jakin maƙwabci. Ƴan'uwana matan zumunta, kun ce in ba ku labarin wannan tafiya. Ni ban san baƙi ba, faɗi nake ana rubutawa. In kun ga magana ta tsinke, kuka ne ya tare ni, don maigidana Malam bai cika wata huɗu a ƙasa ba.

Gayyata aka yi. A wani ƙauye kusa da Gazawa, inda Malam ya fara wa'azi, masu bi sun gina ɗakin sujada na ƙasa. Turawan mishan suna miƙa aiki hannun ƴan ƙasa, dattawa kuma sun zaɓi ɗana na fari ya zama makiyayinsu. Amma ni da kaya na tafi. Kwana biyu kafin Malam ya cika, ya riƙe hannuna ya ba ni saƙo, ya ce in faɗe shi a gaban jama'ar nan kafin bikin naɗa ɗanmu, ba a ɗaki ba.

A Maraɗi muka samu motar gyaɗa da ke komawa gabas ba kaya. Ban taɓa hawa mota ba. Rairayi ya riƙe ta sau biyu kafin Cadawa, maza suka sauka suna turawa, direba yana zaune yana cin goro kamar mai gari. A Cadawa muka sha fura mai nono da yawa, ƙosai kuwa an ƙanƙance shi, mai suyar ta ce ai tun da aka samu mulkin kai komi ya ji daɗin kansa. A Agye na ga sabuwar tuta a bakin buro, wato ofishin gwamnati, ƴan lakol, yaran makaranta, suna yi mata waƙa. Ƙasar can ta fi tamu itatuwan gawo, gero ya yi kyau. Da la'asar muka sauka Gazawa, kasuwa cike da Katsinawa masu tufafi da kananzir. Sauran hanya a ƙafa muka yi ta.

Labarin da kowa ya sani a ƙauyen shi ne wannan. Shekarun baya, dogarai sun zo su rushe rumfar da ake sujada. Masu bi duk suka watse cikin gonaki. Ana cewa Malam shi kaɗai ya zauna a rumfar, aka yi masa bulala bai motsa ba, har dogaran suka gaji suka tafi. A kan labarin nan jama'ar ta tsaya.

Gaskiyar ita ce Malam cikin rumbu ya ɓuya. Wanda ya zauna Ɗan Baro ne, maƙerin garin. Dogaran baƙi ne, suka tambaye shi ko shi ne malaminsu, ya ce shi ne. Bayan sun tafi, ya je ya fiddo Malam daga rumbu, ya ce a bar mutane su ɗauka Malam ne aka yi wa bulalar, in ba haka ba ba mai dawowa. Tun ranar Ɗan Baro bai sake tuɓe riga a maƙera ba, ko a tsakiyar bazara, don kar a ga tabon bulala. Har tsiya ake yi masa, wai maƙeri mai kunyar amarya.

Da magariba na faɗa wa ɗana. Sai ya ce:

"Inna, ki bari sai bayan biki. Don sunan Baba suka zaɓe ni."

Na ce, "Shi ya sa ya ce kafin biki."

Ran Lahadi ɗaki ya cika, har Musulmin garin suna leƙe ta taga. Wani dattijo ya ba da labarin rumfa, sannan aka ce matar Malam ta yi magana. Na miƙe. Da na kai ga maganar rumbu muryata ta mutu, sai hawaye. Na baya suka fara cewa ba su ji ba.

Sai ɗana ya taso ya tsaya kusa da ni. Ya maimaita duk abin da na ce da ƙarfi, bai rage ko kalma ba. Ya ce, "Ubana ya ji tsoro ya ɓuya, ya kuwa roƙi gafararku kafin ya mutu. In don labarin nan kuka zaɓe ni, ga shi kun ji, ku sake shawara."

Can daga bakin ƙofa, inda ya saba zama, Ɗan Baro ya yi gyaran murya.

"To, yanzu dai na iya tuɓe rigar nan? Zafi ya kusa kashe ni!"

Aka fashe da dariya, ana share ido. Dattawa suka fita gindin gawo, suka daɗe. Biyu daga cikinsu ba su dawo ba, ba zan ɓoye muku ba. Sauran suka shigo suka ɗora wa ɗana hannu, suka ce Ɗan Baro ma ya zo ya ɗora nasa.

Ran Talata muka juyo, wannan karon a kan buhunan gyaɗa, ƙashina duk ya yi tsami. Da na shiga gida na ga tabarmar Malam a naɗe, na yi kukan da ban samu yi a can ba.

Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya, ina alfahari da shi a kan abin da bai yi ba. Yanzu ina alfahari da shi a kan abin da ya yi, ya ƙi shiga kabari da yabon wani. Ɗana kuma ya fara aikinsa ba abin da yake tsoron a tono. Ku yi masa addu'a, ku yi wa dattawan nan biyu ma.