Gidajen da Ba a Kafa wa Murhu Ba

Ni magini ne, ɗan magini, a Gwandu aka yanke mini cibiya. In ka ji ina cika baki a kan fadamarmu, bar ni, da dalilina.

Shekarun da aka fara zaɓe, auduga da gyaɗa sun yi kuɗi, har wanda bai taɓa ɗinka riga biyu ba ya ɗinka. Sai masu neman ƙuri'a suka zo da zancen cewa za a fitar da sabuwar hanyar mota ta bayan Kalgo, a kafa wurin awon auduga a bakinta. Shi ke nan, mutane suka haukace. Filin da jiya awaki ke kiwo, yau ana rububinsa, wanda ya saya da safe ya sayar da la'asar ya ci riba. Mu magina muka zama 'yan gata. Tubali bai gama bushewa ba ake cewa mu ɗora, azara kuwa sai da kamun ƙafa.

Wana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma abin ya kama shi. Ya ce mu sayar da fadamar da Baba ya bar mana, inda muke albasa da rake, mu gina ɗakuna a can inda hanyar za ta bi. Gado ne na mu biyu, ba ta sayuwa sai na yarda. Na ce ban yarda ba.

Ya tara mini dattawa, suka ce ƙane ba ya ja da wansa. Na durƙusa na ce, "Yaya, gida bakwai na gina a wurin nan bana. Ko mutum ɗaya bai tambaye ni inda za a kafa murhu ba, balle rumbu. Ba mai niyyar kwana a ciki, kowa jiran wanda zai saya yake."

Ya ce baƙin ciki nake yi masa, ni da nake cin kuɗin ginin. Wallahi maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta. Damina biyu ba ya amsa gaisuwata, ko a masallaci sai ya kau da kai. Ni kuma da zuciya, ban bi shi ba.

Da aka gama zaɓe, sai hanyar ta karkata ta bi ta garin wani babba. Kuɗin auduga ya faɗi a shekarar. Masu gidaje suka fito neman mai saye gaba ɗaya, babu. Ruwan Agusta ya zo ya kwantar da rabin katangun, har da waɗanda na ɗora da hannuna, abin da har yau nake jin kunyarsa. Wasu da suka sayar da gonakinsu sai ƙodago suka koma yi a cikinsu.

Lokacin dashen albasa ina cikin fadama na ga Yaya tsaye a kan kunya, ya rame. Bai yi sallama ba. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Ina nawa ya tsaya?"

Na ce, "Daga tsamiyar can har bakin rafi. Na yi maka yayyafin iri tun watan jiya."

Ya tuɓe riga ya rataye, ya nannaɗe wando ya shigo. Muka yi ta dashe har azahar. Ban taɓa jin daɗin taurin kaina kamar ranar ba.