Daddawar Ƙarshe a Taman Melati

Kerinchi

A falo na yi sallar asuba, don lokacin korona ta sa an rufe masallatai, na ɗaura takunkumi har biyu na fito. Matata Hajara na da ƙaramin ciki, komai ta ci sai ya dawo, har ta fara ramewa. Miyar kuka kawai ranta ke so, da daddawa ta gaskiya. Jiragen gida sun daina zuwa, duk Kuala Lumpur mutum ɗaya aka ce yana da saura: Hajiya Ladi mai kayan miya, can Taman Melati, kusan ƙarshen layin jirgin ƙasa.

A bakin tashar unguwarmu, Kerinchi, mai gadi ya saita mini bindigar auna zafi a goshi. Na leƙa abin da ta nuna, wallahi kifin cikin firij ya fi ni ɗumi. "Boleh," ya ce, wato wuce. Na wuce, gawa da tikitinta.

Cikin jirgi

Jirgin nan ba shi da direba, balle ka ce masa ya taka. An manna wa kujeru alamar kuros, a zauna ɗaya a tsallake ɗaya, mu kuwa na tsaye kafaɗa na gugar kafaɗa. Ashe cutar 'yar hutu ce, sai a zaune take kama mutum! Daga tashar Masjid Jamek muka nutse ƙarƙashin ƙasa, kaina ya ɗan sara, na ce sammako ne.

Taman Melati

Hajiya ko ƙofar ƙarfe ba ta buɗe ba, ta tsakanin sanduna ta miƙo ledar.

"Malam Auwalu, tsaya nan, kar ka matso. Ita ke nan ta ƙarshe, don mai ciki ce na ba ka."

Na janye takunkumi na kai hanci. Shiru.

"Hajiya, anya ba tsohuwa ba ce? Ko ƙamshi babu."

"Ji mini mutum! In ba ka so, miƙo mini abata."

Na cusa a jaka na kama gabana. A tasha wata bindigar ta sake shaida cewa lafiyata ƙalau, ƙofar tikiti kuma ta matse mini jaka har na ji wani abu ya yi fus.

Dawowa

Na samu kujera. Kafin tashar Wangsa Maju matar da ke gefena ta tashi. Wasu ɗalibai suka kalli juna suka koma wancan tarago. Muna shiga ƙarƙashin ƙasa na waiga, ni kaɗai ne kamar na yi shatar jirgin. Raina ya ɓaci. Wato an ga baƙar fata, an ga korona ke nan? Wani dattijo ya nuno mini hoton da ya hana shiga da durian, ɗan itacen nan nasu mai wari, daga nesa ya ce, "Durian?" Na harare shi, na miƙe ƙafa har kan kujerar kuros, na ce a raina ku tafi can, matsorata.

Gida

Ina kan matakala Hajara ta buɗe ƙofa tana dariya.

"Yaya, tun daga ƙasa na jiyo ka! Ledar ta fashe ne? Kai ba ka ji ba?"

Na buɗe jaka, daddawa ta dame da komai. Na tura hancina ciki, na ja numfashi har ƙirji. Babu abin da na ji. Sai na tuna rashin jin ƙamshi alamar korona ce. Ta taho za ta karɓa, na ja da baya na ce, "Don girman Allah tsaya nan!" Na ajiye mata a ƙasa, na yi nesa da ita kamar yadda Hajiya ta yi da ni.

Gwaji ya nuna ina ɗauke da korona. Aka killace ni a ƙaramin ɗaki, ban taɓa jin tsoro irin na jiran sakamakon Hajara ba. Allah Ya tsare ta, Ya tsare cikin, alhamdulillahi. Ta bayan ƙofa take turo mini tuwo, miyar a bakina kamar ruwan ɗumi, ita kuwa ina jiyo ta tana kankare tukunya.

Mutanen taragon nan da na zaga, Allah Ya ƙara muku ƙarfin hanci.