Babur ɗin Malam da aka ce za a riƙa ɗumamawa

Shekarun baya, a shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, Allah ya yi wa maigidana rasuwa. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka in kun ga magana ta karkace ku yi mini uzuri.

A Gwammaja muke. Malam, maigidan nawa, turare yake sayarwa a kasuwar Kurmi, kuma yana da babur guda ɗaya da yake ji da shi kamar ɗan da ya haifa. Duk unguwa an san shi da tattalin mai. Maƙwabta su je gidan mai su dawo, su sake komawa, shi na tankinsa bai ƙare ba. Ba ya murɗa totur da ƙarfi. Ba ya fita sai ya matsa taya da yatsa ya ji iskarta. Ranar Juma'a da hantsi zai cire fulogi ya goge, ya wanke ɗan soson da ke tace iska, ya shanya a kan igiyar wankina. Baƙin mai kuwa ba ya bari ya yi duhu sai ya juye. Man 'yan bumburutu, waɗannan masu sayarwa a galan a bakin titi, bai taɓa shiga tankinsa ba, ko ana wahalar mai. Gara ya tura babur ɗin da ƙafa.

Ni ma ban tsira ba. A lokacin ina da jiki, ba kamar yanzu ba. In ya ɗauko ni muka zo hawa, sai ya tsaya ya ce, "Sauka ki taka, ki same ni a sama."

In ce, "Malam, a gaban mutane?"

Ya ce, "Mutanen ne za su zuba mini mai? Ke kaɗai kin kai buhu biyu."

In sauka ina mita, ina jan mayafi, shi yana can sama yana dariya. Wallahi da zai dawo ya ce in taka daga nan har Kabara, da gudu zan tafi.

Ɗanmu namiji ɗaya ne, yana gab da gama karatun malanta, an kuma ce makarantar wani ƙauye a bayan gari za a tura shi. Malam ya sha faɗa a gaban kowa cewa babur ɗin nan na yaron ne, da shi zai riƙa zuwa aiki. Dalilin lallaɓa shi ke nan.

Bayan sadakar bakwai ɗana ya koma makaranta, ni kuma ina cikin takaba, ba fita. Sai ga ƙanin mijina ya shigo, ya durƙusa har ƙasa.

Ya ce, "Yaya, babur ɗin nan in aka bar shi a soro ba a tayarwa, injin zai kwanta. Ki ba ni mukulli in riƙa ɗumama shi, in ɗan zaga da shi unguwa in dawo."

Me na sani game da inji? Na ga dai ƙanin Malam ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ɗauko mukulli a ƙarƙashin matashi na miƙa masa, har da sa albarka.

Da farko yana dawo da shi. Daga baya ya ce soronmu na yoyo, gara ya ajiye a nasa. Na ce to.

Wata rana maƙwabciyata ta shigo gaishe ni, tana ta kame-kame. Can ta ce, "Ni fa jiya na hau acaɓa a Ƙofar Nassarawa. Sai da na zauna na ga rigar kujerar nan da kika ɗinka da hannunki. Wani ƙato ne ke ja, ban san shi ba. Ya fasa salansa, yana gudu kamar an biyo shi. A gabana ya tsaya wajen 'yan bumburutu aka ɗura masa."

Na ji kamar an sake aiko mini da rasuwar. Na aika aka kira ƙanin mijina. Ko kunya babu, ya ce, "Haba Yaya, ai ɗumamawar ke nan. Inji da aiki yake lafiya."

Na ce, "Ɗumamawa na ce, ban ce ka dafa shi ba! Kayan maraya ne. Ko gado aka zo rabawa, da ɗa namiji a gida, ina naka a ciki?"

Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, mai takaba ba ta ɗaga murya."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Ya san ba zan iya taka ƙofar gida in bi shi ba, shi ya sa ya zaɓi lokacin. Na aika wa kawunsu, dattijon gidan. Amsar da aka kawo mini ita ce in yi haƙuri in fita takaba tukuna, kada a ce ana rigimar kaya kabari bai bushe ba. Ɗana kuma na ɓoye masa, saboda yana tsakiyar jarrabawa. Haka na zauna a ɗaki ina jan carbi, ana cinye gumin Malam a titi.

Ranar da na fita takaba, kafin in je gaishe da kowa, gidan kawun na nufa na ce a kawo babur yau. Aka kawo shi, amma a kan amalanke. Madubi babu, tanki ya lotsa. Bakaniken da Malam ke kai wa gyara ya buɗe injin, ya sunsuna, ya ce man da aka gauraya da kananzir aka yi ta zuba masa, baƙin mai kuma ba a taɓa juyewa ba. Injin ya buga. Ya gyara iya ƙoƙarinsa, amma daga nan babur ɗin ya koma shan mai kamar rami, yana hayaƙi, yana mutuwa a hanya. Ɗana bai daɗe da shi ba ya haƙura. Shekarunsa na farko a aiki, a bayan a-kori-kura yake tafiya tare da buhunan taki, ya ƙarasa da ƙafa.

Da kawu ya tara mu, ƙanin mijina cewa ya yi, "Ƙarfe ne fa, Yaya." Aka ce in yafe. Na buɗe baki na ce na yafe, don ba na son Malam ya ji kunyata a inda yake. Amma zuciya ba ta bi bakin ba sai da aka daɗe, kuma ko yanzu ban ce ta gama bi ba.

Abin da nake gaya wa duk matar da aka yi wa rasuwa shi ne, kada ta miƙa mukullin komai tana cikin kuka. Mai zuwa da taimako a kwanakin nan, wani don Allah ya zo, wani kuma ya ga ƙafarki a ɗaure ne.

Yanzu ƙanin mijina ya tsufa, har ya yi 'yar motarsa. Kwanakin baya ya zo gaishe ni, yana ta kukan tsadar mai, wai motar na neman talauta shi. Ya ce, "Yaya, wai ni me marigayi yake yi ne mai ke daɗe masa haka?"

Na dube shi na ce, "Nasa yake hawa."