Shinkafar da Baba Tsoho Ya Daina Ci

Duk lokacin da shinkafa ta fara turiri a ɗakina na unguwar Dengfeng, sai na tuna kakanmu, wanda muke kira Baba Tsoho. A nan Guangzhou da wuya in wuni ban ci ta ba. Shi kuwa ban taɓa ganin ya kai ƙwayarta baki ba.

Lokacin da muke yara, shinkafa sai da sallah a gidanmu na Kano. Inna takan zuba masa a langa, da miyar tumatir da manja na kwance a kai, sai ya turo mana. Mu jikoki mu yi wawaso, muna tsokanarsa wai cikinsa bai waye ba.

Wata damina, ana yayyafi, muna zaune a zaure yana tufkar igiya, ya ba ni labarin yaƙin Bama. Ya ce an tsare su a daji har yunwa ta sa suna tauna ganye. Abinci sai dai jirgi ya jefo musu, ga hadari ya rufe sama. Rannan wani jirgi ya ratso ƙasa-ƙasa don kada kayan su faɗa hannun abokan gaba. Ya saki buhunan, amma da ya zo tashi sai ya daki dutse.

Baba Tsoho ne mafi kusa da wurin. Ya ji ƙarar, ya ga hayaƙi, amma buhun shinkafa ya fara nufa. Sai da ya kai shi ƙarƙashin bishiya sannan ya hau dutsen. Ya tarar da matuƙin an wurgo shi waje, saurayi ne ɗan Ostireliya, da sauran numfashi. A cinyar Baba Tsoho ya cika.

"Da yamma muka binne shi, muka dafa shinkafar," in ji shi. "Kuma wallahi ta yi mini daɗi."

Ni abin da ya dame ni a ranar da ya ba ni labarin, girman jirgin.

Kwanan baya a tashar jiragen ruwa ta Nansha, ina jiran a loda kwantenata, hira ta haɗa ni da wani dattijo ɗan Ostireliya. Na ba shi labarin da guntun Turancina. Ya ce har yau akwai gidajen da ba su san inda 'ya'yansu suke kwance ba. Sannan ya tambaye ni sunan matuƙin.

Baba Tsoho ya san sunan. Daga bakin hafsansu ya ji shi, kuma yakan faɗa, mu yi ta dariyar yadda yake karya harshe. Amma ni sunan ya ɓace mini. Na kira Gwaggo, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa. Na tambaye ta sunan.

"Ai kai ne ɗan zaurensa," ta ce. "Mu mun ɗauka ka riƙe."